Dalmar Da Na Liƙa A Sikelin Malama Hadijatu

Jama'ar wannan zaure, ku yi mini afuwa da shirun mako biyu. Masu tambaya ko mutuwa na yi, ban mutu ba. Kunya ce ta kwantar da ni, ita kuwa ba a sayar da maganinta a kemis.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Sajo, shekaruna hamsin da tara, gyaran sikeli nake yi a babbar kasuwar Jalingo, layin masu hatsi, rumfata na jingine da ta Tobias mai walda. Aji uku na yi a firamare aka cire ni. Matata Amatullah ta rasu shekara shida ke nan, kwanukanta na nan jere a kabad yadda ta bar su, ni ke goge musu ƙura ranar Juma'a. To ni ɗin nan, da furfurata da ciwon gwiwata, na je na faɗa son malamar makaranta. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu ya gama.

Sunanta Hadijatu. Kemistiri take koyarwa a wata sakandare a Abbare, wato ilmin yadda abubuwa ke haɗuwa su zama wani abu dabam. Mijinta ya rasu, tana da shekara arba'in da ɗaya. Farkon zangon karatu ta sauka daga keke napep a ƙofar rumfata, rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri. Atamfa kore, hijabi ruwan toka, tabarau rataye da igiya a wuya, yatsunta fari fat da alli.

"Kai ne Malam Sajo? An ce in ƙarfe na numfashi kana iya tashinsa."

"An ƙara gishiri, Malama. Buɗe mu gani."

Sikelin makaranta ne, mai faranti ɗaya da sanduna uku, kowace da ɗan dutsen da ake turawa. Irin wanda in ƙuda ya sauka sai allura ta ba da labari. Tsatsa ta cinye haƙorinsa, wato bakin ƙarfen da sandunan ke lilo a kai. Ta ce shekara huɗu tana koyar da awo da baki, tana zana sikeli a allo, yara na haddace abin da idonsu bai taɓa gani ba.

Aikin kwana biyu ne. Na ja shi mako biyar.

Kada ku zarge ni. Duk ranar Alhamis takan biyo ta ji inda aka kwana, ni kuma in shimfiɗa mata sabon buhu a kan benci, in aika a kawo zoɓo mai sanyi, in ce wani ƙarfe ne nake jira daga Yola. Ba wani ƙarfe. Muryarta nake jira. Tana magana a hankali, kamar kowace kalma sai ta auna ta kafin ta sake ta. Rubutun waya na ba ni wahala, don haka saƙon murya nake tura mata, ita ma ta amsa da murya, ni kuwa in yi ta maimaitawa har Tobias ya haddace.

"Sajo, wayan nan zai ƙone," in ji shi. "Malama ya ce ina kwana kawai, kai ka ji sau goma sha biyu."

Ranar da na yi ƙarfin hali na faɗa mata abin da ke raina, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma sunkuyar da kai irin na 'yan mata ba. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Sajo, ni ba yarinya ba ce, kai ma ba yaro ba ne. Ban ƙi ka ba. Amma ina da babba. Ka nemi Hamma Goni."

A nan gizo ke saƙar. Goni yayanta ne, shi ne uba a gidansu, manomin riɗi ne a wajen Sunkani kafin ya dawo gari. Sau biyu na aika dattawa, sau biyu ya ce a gaishe ni. Na uku ya ba su amsa a fili: "Ku ce masa na san shi tun Iware. Ba na ba da ƙanwata ga mutumin da ya koya wa ƙarfe ƙarya."

Kuma gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Shekara ashirin da suka wuce, ni ne nake saita wa wasu masu sayen riɗi sikeli a kasuwar Iware. 'Yar dalma a nan, ɗan danƙo a can, manomi ya ɗora buhunsa yana kallon allura da idonsa, allura na yi masa murmushi tana yankarsa. Goni na cikin waɗanda aka yanka. Na bar wannan aiki tun Amatullah na da rai, ita ce ma ta ce ba za ta ƙara dafa abin da ya fito daga ƙarƙashin faranti ba. Amma tabo ba ya jin an tuba.

Hadijatu ta ji duk wannan. Abin da ta ce mini ta waya shi ne: "Mutum yakan sauya. Ka ba ni lokaci da Hamma." Wannan saƙon daƙiƙa shida ne. Da shi na rayu wata guda.

To, na gama sikeli, don ƙarya ma tana da ranar ƙarewa. Ta ce in kawo shi da kaina ranar Talata, in zauna in ga aikin hannuna a gaban yara.

Jama'a, ranar na sha ado. Farar shadda mai aikin wuya ruwan zuma, wadda ban sa ba tun ɗaurin auren ɗiyata. Hula zanna, takalmi na goge har ina ganin haƙorana, turare kuwa sai da mai keke ya yi atishawa. Abu ɗaya ban sauya ba: aljihuna na dama. Kowane mai gyaran sikeli yana yawo da guntayen dalma da ɗan danƙo, da su ake daidaita faranti in ya karkace. Shekara arba'in hannuna na shiga aljihun nan ba tare da ya nemi iznina ba.

Ɗakin gwajinsu dogo ne, tagogi ba gilashi, yara arba'in da shida sanye da fari da shuɗi. Aka ba ni kujera a gefe. A layin gaba akwai wata siririyar yarinya mai idon mage, Ruwaida, ɗiyar Goni ta cikinsa. A gida Goggo take ce wa Hadijatu, a aji Malama. Tun da na shigo take kallona kamar an aiko ta ƙirga numfashina.

Malama ta fara da Turanci, ni ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Can sai ta juye Hausa don na baya su ji.

"Doka ta farko. In abu biyu suka haɗu suka zama wani abu, nauyi ba ya ɓata, ba ya kuma faɗowa daga sama. Abin da ya shiga, shi zai fito. Kama ce kawai ke sauyawa."

Na ce a raina, kai, ashe abin da ake biyan kuɗin makaranta a koya ke nan? Wannan ai dokar masu sikeli ce. Wani daɗi ya kama ni, na ji kamar ni da ita sana'armu ɗaya, ita da alli, ni da guduma.

Ta ɗora kofin gilashi mai ruwan asid a faranti. Gefensa ta ajiye 'yar takarda da farin gari a kai, soda, ta ce 'yar'uwar kanwa ce sai dai an tace ta. Ta tura duwatsu, allura ta yi rawa ta tsaya cak a tsakiya. Giram ɗari da tamanin. Na ji ƙirjina ya buɗe.

Sai ta juye garin cikin kofi. Fuuu! Kumfa ta taso kamar an jefa kanwa a miyar yakuwa. Yara suka yi ihu. Ta jujjuya kofin har ya lafa, ta mayar da shi faranti tare da takardar.

Allura ta ƙi komawa wurinta.

Ta ja dutse baya. Ɗari da saba'in da takwas.

Ni kuwa zufa ta keto mini daga ƙarƙashin hula. Yanzun nan matar nan ta ce nauyi ba ya ɓata, ga shi ya ɓata a gaban shaidu arba'in da shida, a kan sikelin da ni na gyara. Sai muryar Ruwaida, siririya kamar reza:

"Malama, sikelin Baba Sajo ya ci giram biyu."

Dariya ta ɓarke. Wata daga baya ta ce, "Bai karya kumallo ba ne!" Na ɗaga ido, ga shugaban makaranta tsaye a taga, hannu a baya, yana leƙe. Malama ta juya ga allo tana rubuta wani dogon abu da Turanci, da alamar tambaya a ƙarshe. Ban iya karantawa ba. Abin da na karanta shi ne bayanta: mace ita kaɗai, ana yi mata dariya, shugabanta na kallo, kuma ni na jawo mata.

Wallahi ban yi shawara ba. Na miƙe.

"Malama, bari in duba, wataƙila ƙura ce ta shiga haƙorin."

Na tsaya tsakanin sikeli da yara, babbar riga ta yi mini labule. Na hura iska a haƙori don a ji. Hannun dama ya shiga aljihu, farce ya gutsuro dalma kamar ƙwayar masara, danƙo ya kama, yatsa ya shafa ƙarƙashin faranti. Kafin ta ajiye alli na gama. Na tura dutse ya koma ɗari da tamanin, allura ta zauna a tsakiya kamar amarya.

"Ƙura ce," na ce. "Ga shi nan daidai."

Yara suka tafa. Shugaban makaranta ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla, Malama, doka ta tabbata," ya wuce. Na juya ina jiran ko da rabin murmushi.

Ba ta yi ba. Ta dubi allura, ta dubi kofi, ta dube ni. Na taɓa ganin irin wannan kallon sau ɗaya, a fuskar Amatullah. A kan teburinta akwai wata babbar gorar lemo ta roba da ta tanada, ban san ko ta mece ce ba. Ta ɗauke ta ta mayar cikin kabad.

"Ku rufe littattafanku," ta ce. "Darasi ya ƙare. Malam Sajo, mun gode."

Kwana tara. Na tura gaisuwar safe, alamar an saurara ta yi shuɗi, shiru. Na tura ta yamma, shiru. Na aika doya biyar manya daga Iware, mai keke ya dawo da su ya ce an ce a gode. Alhamis ta zo na shimfiɗa sabon buhu a benci, ba wanda ya zauna sai kazar maƙwabta. In na koma gida in dafa shayi, sai in ga na sauke kofi biyu. Tsohon saƙonta na daƙiƙa shida na yi ta kunnawa, mutum yakan sauya, mutum yakan sauya, har na fara jin kamar zagina take yi.

Abin da ya fi damuna, ban san laifina ba. Na san na yi ha'inci, amma ai don in rufa mata asiri ne. A kasuwa in abokinka ya zame, kai ne kake taka abin da ya faɗi har mai saye ya wuce.

Rana ta takwas Tobias ya kashe injinsa ya zo ya zauna a kan buhun Malama.

"Kai, fuskanka kamar tayan da ya yi faci. Faɗa mini."

Na faɗa masa duka. Ya saurara yana sakace haƙori da waya. Da na kai wurin kumfa sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kumfa ya tashi?"

"Ta tashi."

"Kofin yana da murfi?"

"Babu."

Ya dube ni, ya dubi sama, ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Sajo! Sajo ɗan'uwana! Wane ne yana gyara sikelin masu sayar da gas a garin nan?"

"Ni ne."

"Tukunyan gas cike da tukunyan gas wofi, nauyinsu ɗaya?"

"Ba ɗaya ba," na ce.

"Ni in na zuba ruwa a dutsen kabaid na walda, iska yana fita, shi nake ƙonawa in ci abinci. Iska kaya ne, mutumina. Giram biyu naka ya fita ta taga. Sikelinka gaskiya ya faɗa, kai ne ka toshe masa baki!"

Jama'a, da ƙasa ta tsage da na shige. Sau ɗaya a rayuwata na gyara sikeli har ya iya jin nauyin iska, aikin da ya fi kowane aiki da hannuna ya taɓa yi, sai na tashi da kaina na mai da shi maƙaryaci. Giram biyun nan ba kunyar Malama ba ce. Su ne darasin.

Bayan sallar la'asar na zauna ƙarƙashin mangwaron gidana na ɗauki saƙo sau bakwai ina gogewa. Na farko duk kare kai ne. Na uku har da karin magana. Na bakwai shi na tura: "Malama, dalma ce na liƙa ƙarƙashin faranti. Ba ƙura ba ce. Ƙarya na yi."

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Daƙiƙa uku. "Ka zo makaranta ƙarfe goma."

Na same ta ita kaɗai a ɗakin gwaji, tana wanke kofuna. Baƙin hijabi ta sa. Ba ta ce in zauna ba. Ta buɗe jaka ta fito da kwalin ashana, ta tura shi gabana. Dalmata ce a ciki, da danƙonta.

"Tun ranar na cire ta," ta ce. "Jira nake in ga ko za ka faɗa da bakinka."

"Malama, na ga ana yi miki dariya ne..."

"Dariyar nake so! Shekara huɗu ina jiran ranar da yaro zai ga nauyi ya ragu da idonsa, ya yi mini gardama, ya ce Malama dokarki ta karye. Sannan in fito da gora mai murfi in nuna masa inda abin ya tafi. Ruwaida ta yi tambayar da nake nema. Kai kuma ka tashi ka sa yara arba'in da shida suka koma gida da imanin cewa iska ba ta da nauyi. In an tambaye su a jarrabawa, abin da za su rubuta ke nan, kuma za su rantse sun gani da idonsu."

Ta ajiye kofin da ke hannunta, muryarta ta sauka.

"Wannan ma mai gyaruwa ne. Ka san abin da na yi da Hamma Goni a kanka? Mutumin da ya riƙe ni tun ina aji biyu. Na tsaya a gabansa na ce ya yi maka zalunci, har muka kwana uku ba ma gaisawa. Sai ga hannunka ƙarƙashin farantina."

Na gwammace ta mare ni.

Ta ɗauki dalmar ta jujjuya. "Na auna ta. Giram biyu cif, har da danƙon. Da me ka auna?"

"Da yatsa."

"A aljihu? Ba ka gani?"

"Shekara arba'in ne, Malama."

Ta girgiza kai, wani abu ya gilma a fuskarta wanda ba fushi ba ne, amma ta hana shi zama. "Hannu irin wannan, a ce ƙarya aka koya masa." Ta rufe kwalin. "Talata zan sake darasin. Ba zan iya ce wa yara sikeli ya yi kuskure ba, don bai yi ba. Ko dai in ce musu ni na yi kuskure, in ɗauki abin a kaina, kai kuma mu rabu da mutunci. Ko kuma ka zo ka faɗa musu abin da ka yi."

"A gaban Ruwaida?"

"Tana layin gaba."

Ku da kuke karatu, ku auna mini wannan. In na yi shiru, Goni ba zai taɓa ji ba, amma na rasa ta. In na yi magana, kafin azahar labari ya isa kunnensa, ya ce ai na faɗa muku, in rasa ta ta wata ƙofar. Duk inda na ɗora dutse, faranti ɗaya ne ke sauka. Kwana huɗu ina juya abin. Na saba da ciniki, na san yadda ake fita kowane rami da riga fara. Wannan ramin ba shi da wata kafa. Abin da ya yanke mini shawara ƙarami ne: na tuna za ta tsaya gaban yara ta ce ta yi kuskuren da ba ta yi ba, wato ni ma in koya mata abin da na koya wa ƙarfe.

Talata ban sa shadda ba. Rigar aikina na sa, mai tabon man inji.

"Yara," na ce, "ranar nan sikeli bai ci komai ba. Ni na liƙa wannan a ƙarƙashi don lissafi ya yi daidai. Aikin da na taɓa yi ke nan a kasuwa shekarun baya, ana cutar manoma. Ku duba da kyau yadda ake yi, don kada a yi wa iyayenku."

Na juya farantin na nuna musu wurin, na nuna yadda babbar riga ke yin labule. Ba wanda ya yi dariya. Ruwaida ta kafe ni da ido, ni ma ban kawar da nawa ba.

Malama ta fito da gorar nan. Asid a ciki, soda a ƙulle cikin takarda tana rataye da zare, murfi a ɗaure tam. Aka auna. Ta karkata gorar, kumfa ta tashi, roba ta kumbura ta yi tauri kamar ganga. Aka sake aunawa. Allura ko motsi.

"Joan," ta kira wata ɗaliba, "zo ki buɗe murfin a hankali."

Tsssss. Ta jujjuya gorar, ta matse ta ta saki har sau uku, ta mayar da murfi, aka ɗora. Nauyi ya sauka.

"Ina ya tafi?"

"Ya fita, Malama!" ajin duka.

Ta ɗaga dalmata sama tsakanin yatsu biyu. "Iskar da ta fita daga kofinmu ranar nan ba a ganinta. Amma ga nauyinta, ku miƙa wa juna kowa ya ji a tafinsa." Dalma ta zaga aji hannu zuwa hannu, yara na ɗaga ta kamar ƙwai. "Yanzu doka ta biyu. Abubuwa ba sa haɗuwa yadda suka ga dama, kowane da ƙa'idar rabonsa. Soda kaza, iska kaza, ko a Jalingo ko a Makka. In na ninka sodar, asid kuma ya wadata, dalmar Baba Sajo nawa za ta fita? Ruwaida."

Yarinyar ta miƙe. "Biyu, Malama."

"Kin tabbata? Kafin a gwada?"

"In dokar gaskiya ce, biyu."

"Malam Sajo, a yanko mana biyu."

Na fito da dalma daga aljihu a gaban kowa, na gutsura biyu. Aka auna kofi tare da soda ninki biyu, aka juye sodar, kumfa ta yi ta ƙare, allura ta kauce. Na ɗora dalmomin nan a saman faranti, tsakiyar rana, ido casa'in da biyu na kallo. Allura ta yi lilo, ta yi lilo, ta dawo ta kwanta daf da tsakiya, saura kamar gashin gira.

Ajin ya tashi da ihu. Shekara arba'in ina sana'ar nan, ban taɓa sanin dalma na da daɗin ɗorawa a sama ba.

Da zan fita Ruwaida ta tare ni a ƙofa. "Baba Sajo, zan faɗa wa babana."

"Na sani, 'yata."

"Duka zan faɗa. Har da na yau."

Malama kuwa tana can tana goge allo, ko juyowa ba ta yi ba. Na tsaya kaɗan ko za ta ce wani abu. Alli kawai ke zuba. Na hau keke na koma rumfa, na zauna ina kallon buhun da ke kan benci.

Laraba shiru. Alhamis na sayi zoɓo biyu, Tobias ya shanye ɗaya don kada ya yi ɗumi, in ji shi.

Yau Juma'a, na dawo daga masallaci ina goge kwanukan Amatullah, waya ta yi ƙara a aljihu. Na goge hannu sau biyu kafin in taɓa. Daƙiƙa goma sha tara, mafi tsawo da ta taɓa turo mini.

"Malam Sajo, jam na, kana lafiya? Hamma Goni ya ce ka zo gobe bayan la'asar. Ya ce yana da tsohon sikelin riɗi, shekara ashirin bai bar kowa ya taɓa shi ba, yana so a duba masa, shi kuma zai zauna yana kallon hannunka. Ban san abin da zai ce bayan nan ba, kada ka tambaye ni." Sai ta ƙara da cewa: "Dalmar nan ta farko kuma, kada ka neme ta. Tana wurina."

Na saurara sau goma sha huɗu, Tobias ba ya nan balle ya ƙirga. Na fito da farar shadda na rataye a igiya. Sannan na zazzage aljihun dama a kan tabarma, dalma da danƙo da duk wani tarkace, na kai wa tela ya ɗinke bakinsa.